Waiwaye: Yadda Paul McCartney ya ɗauki faifansa a Legas, da tambayar da Fela ya yi masa

Da Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, ta watse a 1970, Paul McCartney bai zauna ba. Ya kafa sabuwar ƙungiya mai suna Wings a 1971, tare da matarsa Linda da Denny Laine. Sun fitar da faifai biyu, an saya, amma masu sharhin waƙa ba su yaba ba. Wasu har sun fara cewa ba ya iya abin kirki sai John Lennon, abokin waƙarsa a Beatles, na gefensa.

A 1973 ya nemi kamfanin faifai na EMI ya ba shi jerin garuruwan da yake da ɗakunan ɗaukar waƙa a duniya. Idonsa ya faɗa kan Legas. A tunaninsa, da rana a sha iska a bakin teku, da dare a yi aiki. Ana gab da tafiya sai mai kaɗa jita Henry McCullough ya fice daga ƙungiyar, mai ganga Denny Seiwell ya bi bayansa. Su uku suka rage, sai injiniyan sauti Geoff Emerick. Dole Paul ya zauna kan ganga da kansa.

Legas ɗin da suka tarar daban take. Lokacin mulkin Janar Gowon ne, shekara 3 da gama yaƙin basasa, ga damina. Ɗakin EMI da ke Apapa kuwa na'ura ɗaya ce a cikinsa, mai layin sauti 8, sauran kayan aikin ma ba su cika ba. Wani dare Paul da Linda suna tafe a ƙafa, mota ta tsaya kusa da su, wasu suka fito da wuƙaƙe. Suka kwashe kuɗi da kyamara, har da jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin da baitocin da ya rubuta da hannu. Sai dai ya dogara da abin da ya rage a kansa. Wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe ana cikin aiki, aka fito da shi ya sha iska, ya yanke jiki ya faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haɗuwarsa da Fela, wanda a lokacin ake kira Fela Ransome-Kuti. Paul ya je Shrine, gidan rawar Fela, ya ji kiɗan ƙungiyarsa Africa 70, kuma ya sha faɗa daga baya cewa hawaye ya zubo masa a daren. Fela kuwa ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. Ban ga laifin Fela ba. Kiɗan rock kansa daga baƙaƙen Amurka ya samo asali, kuma Turawa ne suka fi kwasar riba da suna. Wanda ya san wannan tarihi, in ya ga ɗan Beatles ya sauka da na'ura a garinsu, dole ya tambaya. Paul ya gayyace shi Apapa, ya kunna masa abin da suka ɗauka. Fela ya saurara, bai ji kiɗansa a ciki ba, aka bar maganar.

Akwai wani Baturen da ya riga Paul zuwa: Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, wanda ya ratso Sahara da mota a 1971, ya yi faifai tare da Fela, ya kafa ɗakin ARC a Ikeja. Ya so a yi duk aikin a wurinsa. Paul ya je sau ɗaya, aka ɗauki waƙar da ya yi kan mutuwar mai zane Picasso.

An ƙarasa aikin a Landan, faifan Band on the Run ya fito a ƙarshen 1973. Ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila, ya ci kyautar Grammy biyu a 1975, ɗaya ta Emerick ce. A bangon ciki an sa hotunan Legas.