Waiwaye: Daga Asibitin Sha'ab zuwa Riyad, tarihin likitocin ƙwaƙwalwa na Sudan

Kafin yaƙin Sudan na 2023, idan yaro ya faɗo daga akori-kura a Maiwurno ko Gadarif ya fashe kai, maganar da dangi ke ji ɗaya ce: a kai shi Sha'ab. Wannan asibiti na Hartum shi ne ya daɗe yana ɗauke da ciwon ƙwaƙwalwa da laka na ƙasar kusan baki ɗaya, kuma mutum biyu ne suka aza masa tubali a wannan fanni.

Na farko Farfesa Dawud Mustafa, ɗan tsibirin Tuti, haihuwar 1917, wanda ya fito daga makarantar likitoci ta Kicina da aka buɗe a Hartum a 1924. Shi ake kira uban ilimin jijiyoyi a Sudan. A farkon zamaninsa babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa, sai 'yar guduma ta roba da allura da fitilar leƙa ido. Ka buga gwiwa, ka ja tafin ƙafa, ka sa marar lafiya ya taɓa hancinsa, daga nan ka faɗi inda ciwon yake. Ya rasu a 2008. Na biyu Husaini Sulaiman Abu Salih, wanda ya yi karatu a Alƙahira, ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Sha'ab a 1971. Siyasa ta ja shi daga baya, har ya riƙe ministan harkokin waje daga 1993 zuwa 1995, abin da ya sa da yawa suka san shi a gwamnati fiye da ɗakin tiyata.

Amma a fagen bincike, wanda sunansa ya fi yin nisa shi ne Farfesa Mustafa Salih, ɗan Kosti, likitan jijiyoyin yara, da ya gama Jami'ar Hartum a 1974. Aikinsa ya shafe mu Hausawa kai tsaye ta wurin sanƙarau. A Hajjin 1987 cutar ta ɓarke a tsakanin alhazai, suka koma da ita gidajensu, a 1988 ta mamaye Hartum. Salih na cikin waɗanda suka bi diddigin yaran da aka kwantar: taurin wuya, ruwan da ake zuƙowa daga gadon baya, da kurumtar da ke biyo baya ga wasu da suka tashi. A kan sanƙarau ɗin yaran Sudan ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Uppsala ta Suwidin a 1990. Bayan wannan annoba ta Makka ne kuma Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurar sanƙarau, wadda har yau wasunmu ke neman katinta ba tare da an tsira masu allurar ba, Allah Ya shirye mu.

Daga nan Salih ya koma Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad. A 1998 ya bayyana wani ciwon tsoka na gado da ba a san shi ba, mai kama yaro tun yana ƙarami ya kuma raunana zuciya. A 2007 aka gano cewa tangarɗar tana cikin ƙwayar gado mai sarrafa wani sinadarin tsoka mai suna "titin", kuma yau likitoci na kiran ciwon da sunan Salih. Irin wannan ciwo sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa. Nan fa maganar ta shigo gidajenmu, don Hausawan Sudan da na Makka ba baƙin auren ɗan wa da 'yar ƙani ba ne, kuma yaron da ya kasa tashi sai ya dafa gwiwoyinsa, sau da yawa iska ake fara zargi.

Akwai masu cewa Sudan ta yi renon likitoci, Saudiyya ta ci moriya. Da gaskiyarsu, sai dai ni ban ga laifin mai tafiya ba, tunda gano ƙwayar gado na buƙatar ɗakin gwaji da kuɗin da Hartum ba ta iya ba shi. Wanda ya kwana a ciki shi ne talakan Sinnar da Damazin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe yawancin asibitocin tsakiyar Hartum, likitoci da marasa lafiya suka kwarara Madani, ita ma ta faɗi a Disambar shekarar, aka sake watsewa zuwa Gadarif, Kasala da Fot Sudan.