Layin Kan Taswira: Abin da Doka Ke Cewa Game da Titin Kewaye Gari

Titin kewaye gari yana fara aiki tun kafin a ga katafila ko ɗaya. Ranar da hukumar tsara birni ta ja layi a taswira ta ce nan hanya za ta bi, matsayin duk filin da layin ya taɓa ya canza ke nan, ko da kwalta ba za ta iso ba sai bayan shekara 20. Yawancin rigimar da ake yi kan irin waɗannan hanyoyi daga wannan layin take tasowa.

Dalilin yin hanyar ba ɓoyayye ba ne. Gari ya bunƙasa, manyan motocin da wucewa kawai za su yi suna ratsa tsakiyarsa, kowa ya tsaya cik. Sai a ce a zagaye da su ta baya. Wasu tsofaffin birane sun samu sauƙi. Titin da ya kewaye Faris, mai tsawon kilomita 35, wanda aka kammala a 1973, sawun tsohuwar ganuwar birnin ya bi. Garin da bai gaji irin wannan fili ba, dole ya nemo shi daga hannun mutane, kuma a nan doka ke shigowa.

Abu na farko shi ne hurumin hanya. Faɗinsa ya wuce inda tayar mota ke takawa, domin ya haɗa da kafaɗar titi da magudanar ruwa da bututu da turakun lantarki, da kuma wurin da za a faɗaɗa nan gaba. Da zarar an amince da layin an sanar da jama'a, hukuma takan daina ba da izinin sabon gini a cikinsa. Filin yana nan hannun mai shi, zai iya nomawa, zai iya zama a gidan da ya riga ya gina. Amma ga inda gizo ke saƙar: ba zai iya ƙara ɗaki ba, kuma wa zai sayi gidan da kowa ya san rushe shi za a yi? Mutum na iya shafe shekaru a haka, gaba kura baya sayaki. A Ingila, dokar tsara gari ta 1990 ta ba wanda ke zaune a gidansa damar tilasta wa hukuma ta saye shi idan shirin hanya ya hana shi sayuwa da daraja. A ganina, duk hurumin da aka keɓe ba tare da wa'adi ko irin wannan mafita ba, an ɗora wa mutum ɗaya nauyin da gari duka ya kamata ya ɗauka.

Sai karɓe filin kansa. Kusan ko'ina a duniya gwamnati na da wannan iko, ko mai fili ya so ko bai so ba, bisa sharaɗi biyu: aikin ya zama na amfanin jama'a, kuma a biya diyya. Tsohon sharaɗi ne. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta 1789 ta ce diyyar ta zama ta adalci, a kuma biya ta kafin a karɓa. Gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka, na 1791, shi ma ya hana karɓar dukiyar mutum don amfanin jama'a ba tare da diyya ta adalci ba. A aikace, ana ba mai fili sanarwa a rubuce, da lokacin kawo ƙorafi, sannan masu ƙiyasta daraja su zo, kuma in bai gamsu ba yana da hanyar ɗaukaka maganar.

Me ake ƙiyastawa? Fili da gini da bishiyoyi da amfanin gona, wani wuri har da kuɗin ƙaura. Abin da aka fi mantawa shi ne ɓarnar da ragowar filin ke yi. Gonar da titi ya raba biyu, rijiya a wancan gefe, gida a wannan, ta yi asarar da ta wuce 'yan takun da aka yanke. Akwai kuma ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi: ana ƙiyasta fili kamar ba a taɓa maganar hanyar ba. Ba za a rage maka don jita-jitar rusau ta karya farashi ba, ba za a ƙara maka don titi zai sa unguwar ta yi tsada ba.

Wanda layi ya bi ta filinsa ya riƙe rana ɗaya a kansa, ranar rufe ƙidaya, wato ranar da hukuma ta rufe lissafin gine-gine da amfanin da ke kan layin. Abin da aka samu a wurin har zuwa ranar shi ake biya. Wanda ya ji labari ya yi sauri ya ɗora bulo cikin dare, ko ya dasa itatuwa don ya ƙara kuɗi, wahalar banza ya yi. Waɗanda ba su da takardar mallaka kuwa, dokoki sun bambanta a kansu. A ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance, ƙa'idarsa ita ce a biya su ginin da suka yi, a taimaka musu su sake matsuguni, ko da ba a biya su filin ba.

Kafin duk wannan akwai binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar Amurka da ta fara aiki a 1970 ta buɗe masa ƙofa, ƙasashe da yawa suka bi. Ana auna layi biyu ko uku, a duba ruwa da gonaki da gidajen da kowanne zai ci, a kira taron jin ra'ayi. Mutane kan raina wannan taro, alhali shi ne lokacin da karkatar da layi ke da araha. Bayan an ba da kwangila, magana ta yi nisa.

Dokar da ta fi saurin mutuwa ita ce ta mashiga. Titin kewaye yana gudu ne saboda ba ko'ina ake shigarsa ba, sai a mahaɗun da aka tsara, masu tazara, sauran jama'a su bi ƙaramar hanya ta gefe. Amma sabon titi kamar zuma ne. Gidan mai zai nemi ƙofa, ma'ajiyar kaya za ta nema, rukunin gidaje zai nema, kowa da hujjarsa mai kyau, kuma kowace ƙofa ita kaɗai ba ta da wata illa. Tara su wuri ɗaya, cikin 'yan shekaru hanyar ta koma wani titin cikin gari, sai a fara maganar zana wani zoben a bayansa. Ko inda aka tsare mashiga, cunkoso na dawowa, domin sabuwar hanya na janyo sababbin tafiye-tafiye. M25 da ta kewaye Landan, mai kusan kilomita 188, an buɗe sashenta na ƙarshe a 1986, ba a jima ba motoci suka zarce abin da aka tsara mata, aka shiga ƙara mata layuka. Shi ya sa amincewa da layin titi ke buƙatar tafiya tare da dokar abin da za a gina a gefensa, da inda mahaɗa za su kasance, da sunan hukumar da ke da ikon cewa a'a ga mai neman ƙofa.