Waiwaye: Yadda aka kori yaran Ingila daga mashaya, da yadda suka dawo

Wata Lahadi abokan aiki suka ja ni cin abincin rana a wani ƙauye na arewacin Ingila. Sai da muka sauka daga mota na gane ashe mashaya ce. Na yi turus a bakin ƙofa, suka yi ta dariya, suka ce in kwantar da hankalina, akwai kifi, akwai lemo. Da na shiga, kwalaben da aka jera bayan kanta ba su ɗaure mini kai kamar yaran da na tarar ba. Wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta duƙufa tana shafa launi a takardar da ma'aikaciyar wurin ta ba ta, ubanta na gefe da ƙaton kofin giya. An ɗora wani jariri a doguwar kujera yana ta dukan tebur da cokali. Can a lungu wani dattijo ya buɗe jarida, amma idonsa na kan jaririn, fuskar nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Babban cikinmu, mutum ne da ya haura sittin, ya ga ina kallo. Ya ce, "Mu a zamaninmu wa ya isa? A mota ake barin mu. Baba ya fito ya miƙo mana lemon kwalba da ƙunshin soyayyen dankali ta taga, ya koma ciki. Sai mu yi awa biyu muna wasa da sitiyari."

Ga Bahaushe tambayar ko ya dace yaro ya shiga mashaya ma baƙuwa ce. A wurinmu babba in zai shiga gidan giya sai ya waiga hagu da dama, balle a ce ya riƙo hannun ɗansa. Sai dai abin da Ingilishi ke kira "pub" ya wuce wurin shan giya kawai; asalin sunan ma ma'anarsa gidan jama'a. A ƙarni na 19 a nan ake taron ƙungiyoyin taimakon juna, a nan ake zaman binciken musabbabin mutuwa idan an tsinci gawa, a nan ma wasu iyayen gida ke biyan leburori ladansu, har sai da aka yi doka a 1883 aka hana. Talakan da ke cunkushe da iyalinsa a ɗaki guda mai sanyi, mashaya ce zaurensa, ita ce majalisarsa, domin can ne ake samun wuta da haske. To idan uwa ta tafi can, ina za ta ajiye goyonta?

Kan uwar nan rigimar ta faro, kuma a kanta ta daɗe. Tun a 1751, lokacin da wata barasa mai ƙarfi da ake kira "gin" ta zame wa Landan annoba, mai zane William Hogarth ya fitar da hoton da har yau ake bugawa a littattafan tarihi: mace ta bugu a kan matakala, ɗanta ya suɓuce daga hannunta yana faɗuwa ƙasa da ka, ita kuwa ko a jikinta. Hukuma ta ɗauka maganin barasa mai ƙarfi shi ne a sauƙaƙa giya mai sauƙi. A 1830 aka yi doka cewa duk magidancin da ya biya fam biyu da sule biyu zai iya sayar da giya a gidansa. Kafin shekarar ta fita an buɗe irin waɗannan gidaje sama da 24,000. An gudu ba a tsira ba.

Daga nan dokoki suka riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan. A 1839 aka hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 barasa mai ƙarfi su sha a wurin, amma a Landan kaɗai. A 1872 hanin ya game ƙasa. A 1886 aka ce kada a sayar wa ɗan ƙasa da 13 giya ya sha a mashaya. Duk wannan bai taɓa aike ba. Uba ya dawo daga aiki, a ba yaro buta a ce ya je ya sayo, yaro kuwa ya kurɓa a hanya, wasu masu mashaya har alewa suke ba 'yan aiken don gobe ma su dawo wurinsu. Dokar 1901 ce ta ce ɗan ƙasa da 14 ba za a ba shi ba sai a cikin kwalba da aka toshe aka liƙe. Shekara guda bayan haka aka mai da shi laifi a kama mutum a buge a bainar jama'a yana riƙe da yaron da bai kai shekara 7 ba. Abin dariya, tun 1872 laifi ne ka bugu kana jan doki ko kana kora saniya. Sai da aka yi shekara 30 kafin ɗan mutum ya samu gatan da dabba ta riga shi samu.

Har zuwa wannan lokacin ba a hana yaro shiga ba. Abin da ya rufe ƙofar ya biyo ta hanyar da ba a zata ba, wato yaƙi. A yaƙin da Birtaniya ta gwabza da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, samari da yawa da suka zo shiga soja aka mayar da su gida saboda rama da rashin lafiya. Hankalin manya ya tashi: daular da ta mamaye duniya, ga shi 'ya'yan talakawanta ba sa iya ɗaukar bindiga. Aka kafa kwamiti ya ba da rahoto a 1904, aka shiga neman mai laifi, kuma yatsa ya fi nuna matar talaka. A 1907 wani ɗan jarida, George Sims, ya zaga unguwannin marasa galihu ya rubuta jerin rahotanni a jaridar Tribune kan jariran da ya gani a mashaya: wasu na rarrafe a ƙasa cikin garin katako da kaki, wasu iyaye mata na ɗiga musu barasa a baki don su yi shiru. Ma'aikatar cikin gida ta sa 'yan sanda su tsaya su ƙirga mata da yaran da ke shiga. Likitoci da limaman coci da ƙungiyoyin yaƙi da shan giya suka haɗa baki.

Sakamakon shi ne Dokar Yara ta 1908, wadda Herbert Samuel ya gabatar a majalisa, ta fara aiki a Afrilun 1909. Ta haramta wa ɗan ƙasa da 14 kasancewa a ɗakin da ake sayar da giya a lokacin ciniki. Ta hana ba wa ɗan ƙasa da shekara 5 giya sai da umarnin likita. Ta kuma tanadi hukunci ga babban da ya kwanta a buge ya danne yaron da bai kai shekara 3 ba har ya mutu. A takarda dokar ba ta bambanta uwa da uba ba, amma kowa ya san wa ake nufi. Lissafin shi ne idan an hana goyo shiga, mai goyon za ta zauna a gida. Ba wanda ya ce maigida ya rage ko kofi ɗaya.

Lissafin bai fita daidai ba. Wasu matan sun daina zuwa, wasu suka koma sha a tsaye a tsakar gidan mashaya ko a bakin titi, wasu kuma suka riƙa barin yaran a ƙofa. Haka aka samu abin da tsofaffin Ingila ke tunawa har yau: yara jere a dakalin mashaya cikin sanyi, babbar ya tana jijjiga keken jariri, ana jiran a tashi. An raba yaro da hayaƙi da ashar, an haɗa shi da hunturu. Da motoci suka yawaita, dakali ya koma kujerar baya, kamar yadda abokin aikina ya ba da labari.

A 1923 Nancy Astor, mace ta farko da ta zauna a kujerar Majalisar Wakilai, ta kai ƙudirin da ya ɗaga shekarun sayen giya a mashaya daga 14 zuwa 18, kuma a nan yake har yau. Kamfanonin giya kuwa, ganin ana kallon sana'arsu da ƙyama, suka shiga gina manyan mashaya a bayan gari tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da lambu da ɗakin shayi, inda iyali za su zauna ba tare da an karya doka ba, tunda lambu ba ɗakin sayar da giya ba ne. Ba kowa ya gamsu da wannan dabara ba. A 1946 marubuci George Orwell ya rubuta a jaridar Evening Standard cewa korar yara, wadda har wani mataki korar mata ce, ita ta mai da mashaya matattarar masu shan giya zalla maimakon wurin haɗuwar iyali. Majalisa ba ta saurare shi ba. Dokar lasisi ta 1964 ta sake jaddada hanin. Matan ma kansu ba su gama samun shiga ba. Sai a 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta wa mashayar El Vino da ke Landan ta daina hana mata tsayawa a kanta su sayi abin sha, bayan wasu mata biyu, lauya da 'yar jarida, sun kai ƙara.

Wa'azi ne ya rufe ƙofar, amma aljihu ya buɗe ta. Tun 1967 aka fara sa direbobi hura na'urar gwajin giya, abin da ya rage wa mashayar ƙauye ciniki. Manyan kantuna suka riƙa sayar da giya da araha, mutane suka koma sha a gida gaban talabijin. Masana'antu da ma'adinan kwal suka rurrufe, leburorin da ke cika mashaya kowace yamma suka watse. Mai mashaya ya duba ya ga ribar ta koma kan abinci, kuma mai sayen abinci ranar Lahadi da iyalinsa yake zuwa. Sikotilan ta fara ba da takardar izinin shigar yara a farkon shekarun 1990, Ingila da Wales suka bi sahu a 1995: yaro ya shiga tare da babba, in akwai abinci, zuwa ƙarfe 9 na dare. Masu mashaya kaɗan ne suka nema, saboda sharuɗɗan da alƙalan lasisi ke gindayawa sun yi musu yawa.

Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005, ita ta share hanin 1908 baki ɗaya. Yanzu ɗan ƙasa da 16 na iya shiga mashaya muddin yana tare da babba, sai fa idan lasisin wurin ya hana. Ɗan 16 ko 17 ma na iya shan giya mai sauƙi tare da abinci a tebur, idan babban da ke tare da shi ne ya saya. Sannan a ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a Ingila, hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu cewa wurin bai dace da huhun yaro ba ta faɗi. A farkon ƙarnin nan Birtaniya na da mashaya kusan 60,000. Yanzu suna wajen 45,000. Wanda ke fafutukar biyan haya ba ya korar tebur mai mutum biyar.

Sauran ƙasashe kowa da nasa tsarin. A Ailan doka ta yarda yara su zauna da iyayensu zuwa ƙarfe 9, a ƙara awa guda a watannin zafi. A Bavariya ta Jamus lambunan giya sun fi shekara 200 suna karɓar iyali, har da abincinsu na gida. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma a Wisconsin yaro na iya shiga da iyayensa, har a ba shi ya sha idan mai wurin ya yarda.

Abin da na lura da shi shi ne yadda gardamar ta juya. A 1908 ana tambayar me mashaya za ta yi wa yaro. Yau galibin ƙorafin shi ne me yaro ke yi wa mashaya. Guje-guje tsakanin tebura alhali ana ɗauke da faranti mai zafi, kekunan jarirai sun tare hanya, waya na ta kiɗan wasan yara, iyaye sun shagala da hira sun mai da ma'aikata masu reno. Iyayen su ma suna da bakin magana: sun ce ba don sun haihu za a kulle su a gida ba, kuma kuɗinsu ne ke riƙe da wurin. A 2008 aka yi ta cece-kuce da ta fito cewa kamfanin Wetherspoon, mai ɗaruruwan mashaya, yana taƙaita wa iyayen da suka zo da yara kofi biyu. Wasu suka ce cin fuska ne. Ni dai a duk ƙa'idojin nan ita ce kaɗai na ga ta kalli inda matsalar take, wato hannun babba, ba ƙafar yaro ba.

Hukuma ta zare hannunta, ta bar wuƙa da nama a hannun mai mashaya. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambancin shekaru wajen ciniki, amma kariyar ba ta shafi 'yan ƙasa da 18 ba, don haka wanda ya ga dama ya manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga da yara, ko kuma su fita ƙarfe 7, ba abin da kotu za ta yi masa. Ƙa'idar shekara 5 ɗin nan kuwa tana nan daram, an sake rubuta ta a dokar 1933: a Ingila da Wales ba laifi ba ne a gaban doka a ba ɗan shekara 5 giya a cikin gida, inda babu mai mashaya, babu sufeton lasisi, babu dattijo mai harara.

Ranar nan, muna shirin tashi, jaririn ya wurgar da cokalinsa ya faɗa kusa da takalmin dattijon. Ya daɗe yana kallon cokalin. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya goge a hannun rigarsa, ya miƙa wa uwar ba tare da ya ce uffan ba, ya ɗauki kofinsa da jaridarsa ya koma ɗaya ɗakin.