Direba, Daina Kashe Inji a Gangara

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, maganar da muke ji daga bakin waɗanda ake kawo mana sashen gaggawa na asibiti kusan iri ɗaya ce. Mutum na kwance da karaya a cinya, ka tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce: "Direba ne ya kashe mota a gangara, da ya zo taka birki ya ƙi." Wallahi na gaji da jin wannan.

'Yan'uwana direbobi, na san mai ya yi tsada, ga balas ɗin mai mota, ga cefane. Ban raina wahalarku ba. Amma wannan dabara ta kashe inji don rage shan mai ku bar ta.

Ba ƙarfin ƙafarka kaɗai ke tsayar da mota ba. In ka taka, masta, wato famfon birki, ce ke tura man birki ta bututu zuwa ƙafafun mota, fad (abin da ke kama ƙafar) ya matse diski (faifan ƙarfen da ke juyawa da taya), a wasu motocin kuma shu ya kama dirom a baya, su ma aikinsu ɗaya da fad da diski. Kafin masta akwai wata baƙar tukunya da makanikai ke kira bosta. Ita ke ninka ƙarfin takunka, kuma sai inji na aiki take samun zuƙar iskar da take buƙata. Ka kashe inji, taku biyu ko uku suka rage maka, daga nan birki ya sandare kamar dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi, in ka murɗa makulli har ƙarshe yana iya kullewa. Masu tirela da tanka, birkinku na iska ne, inji ke juya kwamfaresan da ke cika tankin. Me kuke nema?

Wani zai ce ai bai kashe ba, firi ya saka. Malam, duk kanwar ja ce. Ka cire giya a gangara mai tsawo irin Hawan Kibo, hanyar Jos zuwa Akwanga, ka bar wa birki dukkan nauyin mota da kaya da mutane. Fad ya ɗau zafi ya daina kamawa. Man birki nau'in da ake kira DOT 3 yana tafasa a kusan digiri 205 na ma'aunin Celsius in sabo ne, wanda ya sha danshi kuwa tun a 140. Da ya tafasa, ka taka ya shige ƙasa ba komai. Abin haushin ma, mota mai injekta in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, da kanta take yanke mai. A firi kuwa sha take yi. To ina ribar?

A taƙaice:
- Kada ka kashe inji mota na tafiya.
- Sa ƙaramin giya tun kafin ka fara gangarowa.
- Taka ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kan birki.
- Man birki ya ragu, a nemo inda yake zuba. Ban da ƙara ruwan Omo.
- Canza man birki duk bayan kamar shekara biyu.
- Ka ji ƙarar ƙarfe a ƙafar mota, fad ya ƙare, wuce gareji.

Ku kuma fasinjoji, in kun ji inji ya yi shiru a gangara, ku yi magana nan take. In ya ƙi ji, ku sauka a gari na gaba, ku kai ƙararsa wurin shugabannin tasha.