Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Kan Kusbara

Na amsa waɗannan tambayoyi sau ba adadi, shi ya sa na tara su wuri guda.

Kusbara da koriyanda abu ɗaya ne?

Abu ɗaya ne. Kusbara daga Larabci sunan ya fito, Indiyawa kuma daniya suke ce mata.

Yaushe ake sa ganyen a miya?

Bayan an sauke tukunya. Na gaji da ganin ana soya shi tare da albasa, sannan a dawo ana cewa ba shi da ƙamshi, alhali wuta ce ta cinye ƙamshin. 'Ya'yan ne suke son zafi: a gasa su kaɗan a busasshen kasko, a daka a turmi.

Na shuka, amma kafin in tsinki ganye ta miƙe ta yi fure. Ina kuskuren yake?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, domin amsarta ba guda ba ce. Mafi yawanci zafi ne sanadi, saboda kusbara tsiro ce mai son sanyi, da zarar rana ta matsa mata sai ta yi gaggawar fitar da iri. Wanda yake Kano ko Maraɗi ya fi dacewa ya shuka da hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Na Jos yana da sauƙi a kan haka. Amma ba kullum ne laifin rana ba. Ƙishirwa tana jawo hakan, dashe ma yana jawowa, domin saiwarta guda ce doguwa irin ta 'yar'uwarta karas, ba ta son a taɓa ta. A murƙushe kowace ƙwaya ta rabu biyu kafin shuka, tunda iri biyu ne a ciki, a sa inda inuwa take sauka da azahar, a riƙa sabuwar shuka duk bayan mako 2 ko 3. Duk da haka tana iya yin furen. Kada a tuge ta, a bari 'ya'yan su bushe a jiki, a samu kayan ƙamshi da irin baɗi.

Me ya sa nake jin ɗanɗanon sabulu a ganyen?

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, lafiyarki lau. Masu bincike sun danganta abin da wata ƙwayar halitta ta jin ƙamshi, OR6A2, wadda ake gado. Ki gwada 'ya'yan, ƙamshinsu ya fi kama da na ɓawon lemo.

Busasshen ganye fa?

Ɓarnar kuɗi ce, kada ki saya.