Karon jiragen ruwa: tambayoyin da baƙinmu ke min kafin mu tafi Abhur

Duk wanda yake zaune a Jidda ya san yadda abin yake, baƙi su zo umara daga Kano ko Damagaram ko Madani ta Sudan, a gama ibada sai a ce to a kai mu mu ga teku, kuma ana isa kornish, wato wurin shan iska na bakin teku, ko Abhur yara su hango kwale-kwalen haya, shikenan sai an hau. Ni ma ina kai nawa, ban hana kowa ba. Amma akwai tambayoyin da ake min kusan kullum kuma wallahi amsar wasu ta fi ƙarfin a bayar da ita a tsaye a bakin ruwa, shi ya sa na tattara su.

Yaya, teku da faɗinta haka ta yaya jirgi zai buge jirgi?

Ƙanwata ce ta min wannan, kuma kowa haka yake tunani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne jirgin ruwa ba shi da burki. Ka kashe inji yana ci gaba da tafiya, babban jirgin kaya kam sai ya yi tafiya mai nisa sosai kafin ya tsaya. Sannan ba a tsakiyar teku aka fi yin karo ba, a wurin matsi ne, bakin tasha, mashigar ruwa, inda kowa ke son fita ko shiga a lokaci ɗaya. Abhur ɗin nan ai ba buɗaɗɗiyar teku ba ce, wani dogon hannun ruwa ne da ya shigo cikin ƙasa, ga kwale-kwalen haya ga na masu kamun kifi ga samari da babur ɗin ruwa da ake ce wa dabbab, ranar Alhamis da yamma ko Juma'a ka ga wurin kamar kasuwa. Bahar Maliya kuma tana da nata, murjani ne a ƙarƙashin ruwa kamar dutse, daga sama lumui. A Disambar 1991 jirgin Salem Express ya taso daga nan Jidda zai je Safaga a Masar, ya bugi irin wannan murjanin da dare ya nutse, sama da mutum 400 suka rasu, da yawansu masu dawowa daga ibada ne irin baƙinmu.

To akwai dokar hanya a ruwa kamar ta mota?

Akwai sosai. Hukumar sufurin ruwa ta duniya ta fitar da ƙa'idojin kauce wa karo a 1972, suka fara aiki a 1977, kuma su ake bi har yau. In jirage biyu masu inji suka fuskanci juna kowa zai karkata dama. In za su gitta, wanda ya ga ɗan uwansa ta damarsa shi zai ba da hanya. Mai wuce na gabansa shi ke da alhakin kaucewa. Da dare fitilar gefen hagu ja ce ta dama koriya, da haka matuƙi ke gane inda jirgin da ke gabansa ya dosa. Amma wacce ta fi damuna ita ce ta sa ido, wato dole a kowane lokaci akwai mai kallo da saurare. Ita muke karya wa matuƙi da hannunmu, don Allah rayyis ɗauke mu hoto, don Allah ƙara wuta yara na son gudu, ƙara sautin waƙa, mutum ya juya baya yana riƙe da wayar Hajiya jirgi na tafiya. Na gani da idona kuma raina ya ɓaci, ni na karɓi wayar na ce ya kalli gabansa.

Malam, ni fa na iya ruwa tun ina yaro a kogi, sai na sa rigar ceto?

Sai ka sa, Alhaji. Iya ruwa yana amfani ne in ka faɗa da hankalinka. A karo ba faɗawa kake ba, jefa ka ake yi, kanka na iya bugun ƙarfe ko bakin jirgi, wanda ya suma kuma ba ya iyo komai gwanintarsa. Kuma babu lokaci. A watan Mayun 2019 a Budafes ta ƙasar Hangari, wani babban jirgi ya bugi ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido a kogin Danub da dare, cikin daƙiƙoƙi ƙaramin ya nutse, kusan mutum 30 suka tafi, mafi yawansu baƙi ne daga Koriya ta Kudu, a tsakiyar birni fa ga gadoji ga fitilu. Wa zai samu zarafin buɗe akwati ya ciro riga? A Disambar 2024 ma a Mumbai kwale-kwalen sojan ruwa mai gudu ya ƙwace ya daki jirgin masu zuwa yawon shaƙatawa, sama da mutum goma suka mutu. Rigar da ke ƙarƙashin kujera ba ta ceci kowa ba, a jiki ake sa ta a ɗaure igiyar. Yaro kuma a nemi daidai shi, ta manya in ya shiga ruwa ta kansa take zamewa.

Mu mata fa da abaya, ya za mu yi?

A kan abayar ake sawa, ba ta hana sutura ko kaɗan, a dai ɗaure ta tamau. Abaya da jallabiya in sun jiƙe suna nannaɗe ƙafa su hana motsi, don haka mai dogon kaya ta fi kowa buƙatar rigar. A tattare bakin mayafi kar ya yi kusa da inji. Mai goyo kuma Hajiya ki sauke yaron a sa masa tasa, in babu ta jarirai a jirgin gara ki zauna a bakin ruwa ku sha iska.

Ta yaya zan gane jirgin da ya kamata na hau?

Ka hau a tashar da aka sani, wurin masu lasisi, ka bar wanda zai ja ka gefe ya ce zai rage maka riyal kaɗan. Ka ƙirga rigunan da idonka ka ƙirga mutane. Ka tambaya mutum nawa aka yarje masa, in an cika kar ka ce ai yara ne ba su da nauyi. In tafiyar za ta kai magariba ka ce ya kunna fitilun ka gani. In akwai ƙura ko iska ta taso, a fasa, mu nan mun san yadda ƙura ke rufe Jidda ba ka ganin gabanka. Kuma kar a bar kowa ya zauna a goshin jirgi yana lilo da ƙafa, wanda ya zame daga nan ƙarƙashin jirgin yake shiga inda farfela take.

In Allah ya kawo tsautsayin fa?

A kira masu tsaron iyaka, Haras al-Hudud, su ke da aikin ceto a ruwan Saudiyya, lambarsu 994, a yankin Makka har da Jidda 911 ma tana aiki. Ka sa su a wayarka kafin ka hau, matuƙi kuma yana da tasha ta 16 a rediyon jirgi ta neman agaji. In kun tsinci kanku a ruwa kar ku nufi gaɓa da iyo, tana yi wa ido kusa ne kawai, ku tsaya kusa da jirgin in bai nutse ba don shi ake fara hangowa, ku taru wuri ɗaya yara a tsakiya, ku yi nesa da bayansa har sai an kashe inji. Kuma kafin ku taso ku gaya wa wani a gida tashar da kuka hau da lokacin da za ku dawo, in ya ji shiru ya san inda zai ce a duba.