Waiwaye: Yarjejeniyoyin nukiliya tsakanin Amurka da Rasha, daga rikicin Kyuba zuwa yau

Tsoro ne ya fara zaunar da Amurka da Tarayyar Sobiyet a teburin shawara. A watan Oktoban 1962, jiragen leƙen asirin Amurka suka gano makamai masu linzami na Sobiyet girke a Kyuba. Kwana 13 shugaban Amurka Kennedy da shugaban Sobiyet Khrushchev suna kai-komo, duniya kuwa tana jiran jin ƙarar bam na farko. Da ƙura ta lafa, a 1963 aka kafa layin sadarwa na gaggawa tsakanin Washington da Mosko, sannan ƙasashen biyu tare da Birtaniya suka haramta gwajin bam a sararin sama da cikin ruwa.

Faransa ba ta sa hannu ba. Mu a nan mun riga mun ɗanɗana: tun 1960 take gwaji a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, abin da ya sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961.

A 1968 aka ƙulla yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya. Ƙasashen da ba su da bam suka yi alkawarin ba za su nema ba, masu shi kuma suka ce za su kama hanyar rabuwa da shi. Har gobe wannan kashi na biyu bashi ne a wuyansu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Nixon na Amurka da Brezhnev na Sobiyet suka amince da shi a 1972: kowanne ya taƙaita garkuwar da za ta kakkaɓo makaman ɗan'uwansa. Wato kowa ya bar ƙirjinsa a buɗe da gangan, domin wanda ya san ramuwa za ta same shi ba zai fara harbi ba. Zaman kar-ta-san-kar ke nan, kuma a kansa aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Duk da haka, tarin makaman duniya ya kai wajen 70,000 a 1986. Shekara guda bayan nan Reagan na Amurka da Gorbachev na Sobiyet suka yarda a lalata dukkan makamai masu linzami da ake harbawa daga ƙasa masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500. An lalata 2,692. Muhimmin abu a nan shi ne sa ido: jami'an Sobiyet suna shiga sansanonin Amurka su ƙirga da idonsu, na Amurka ma haka. Wannan ya rage zargi fiye da duk wani jawabin shugabanni. START ta 1991, wato yarjejeniyar rage makaman nukiliya masu cin dogon zango, ta bi wannan tsari, haka ma New START da Obama da Medvedev na Rasha suka sa wa hannu a Prague a 2010, wadda ta ƙayyade wa kowa kawunan nukiliya, wato bama-baman kansu, 1,550 da ke girke.

A ganina, rushewar ta faro ne a 2002, lokacin da George W. Bush ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar garkuwa ta 1972. Mosko ta ɗauki hakan a matsayin yunƙurin raunana ƙarfin ramuwarta, ta duƙufa kan ƙera makaman da za su tsallake kowace garkuwa. Rasha ma tana da nata laifin: Amurka da NATO sun zarge ta da ƙera makamin 9M729 da ya saɓa wa yarjejeniyar 1987, wadda Trump ya fice daga cikinta a 2019. Bayan mamayar Yukren, Putin ya dakatar da shigar ƙasarsa cikin New START a Fabrairun 2023, alhali ziyarar masu bincike ta riga ta tsaya tun lokacin korona.

An tsawaita New START a 2021 zuwa 5 ga Fabrairun 2026, kuma ƙa'idarta ba ta yarda a sake tsawaitawa ba. Washington na son Sin, mai kawuna kimanin 600, ta shigo duk wata sabuwar tattaunawa. Beijing ta ƙi, tana cewa masu dubbai su fara saukowa tukuna.